Gareji, tekanikal ko foli: ina za a kai yaron da ya kafe sai kanikanci?

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan isha'i yayata ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce "kai ne ka san harkar nan, don Allah ka zo ka raba ni da ɗanka da babansa tun kafin kaina ya fashe". Abin da ya faru shi ne ɗanta na biyu ya gama sakandare, sakamakon WAEC ya fito tas har da kiredit a lissafi da turanci da fizis da kemistiri, amma yaro ya kafe shi fa kar ma a yi masa zancen likitanci ko lauya, mota yake so, kanikanci. Baban ya ce to ai faɗuwa ta zo daidai da zama, gobe ma a kai shi garejin Farin Gada a nan Jos wajen wani ogan da ya sani, ita kuma ta ce sam, ɗanta da ya ci kemistiri ba zai je yana wanke sifana da fetur ana aikensa sayen kunu ba, foli, wato polytechnic, zai tafi ya samo takarda. Ni kuma da yake na ɗanɗana duka biyun, na yi difloma ta shekara biyu sannan na koma ƙarƙashin oga na kwashe shekaru ina kwanciya a ƙasan mota, sai aka ce ni ne alƙali. Abin da na faɗa musu a daren shi zan zuba a nan, har da wanda ban samu faɗa ba saboda dare ya yi.

Bari in fara da gareji tunda can ne mafi yawanmu muka sani. Abin da gareji ke ba yaro wanda wallahi babu ajin da zai ba shi shi ne hannu da kunne. Ranar da na fara zuwa wajen ogana da diflomata a aljihu ina ta ɗaga kai, yana kwance a ƙasan wata tsohuwar Golf ya miƙo hannu ya ce "ba ni sha huɗu". Na durƙusa gaban akwatin kaya ina juya sifanoni ɗaya bayan ɗaya ina goge baƙin mai da babban yatsa don in ga lambar, wani yaro da bai fi shekara sha biyu ba, silifas ɗinsa ma wari da wari, ya zo ta bayana ko kallon akwatin bai yi sosai ba ya zaro ta ya miƙa. Ogan bai ce komai ba, dariyar sauran yaran ce ta ishe ni har gida. Shi wannan ogan yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji ya manna kunnensa a kan mariƙin, ya yi shiru kamar minti ɗaya ya ce "metal ne ya fara ci", a buɗe kuma a tarar haka ne. Irin wannan ba a karanta shi, sai an ji ƙarar inji ɗari biyar kafin kunne ya waye. Sannan a gareji ne yaro zai koyi yadda ake fitar da noti da ya yi tsatsa ba tare da an karya shi ba, da yadda ake shiga kasuwar kayan mota ta Dilimi a bambance kayan Beljiyam na gaske da wanda aka wanke aka shafa wa fenti, da yadda ake magana da kwastoman da ya zo yana huci saboda motar da aka gyara jiya ta sake tsayawa a Bauchi Road. Kuɗin shiga kuma bai kai na makaranta ba, galibi ɗan abin da aka yi yarjejeniya ne da goro da lemo, kuma tun shekarar farko yaro zai fara samun na sabulu idan kwastoma ya ji daɗi.

To amma fa gareji na da nasa ciwon, kuma masu yabonsa ba sa son a faɗa. Na ɗaya, babu manhaja, abin da ya shigo ranar shi ne darasin ranar, idan ogan mai Golf da Sharon ne to yaro zai shekara biyar bai taɓa buɗe giyar otomatik ba. Na biyu babu ranar gamawa, wani shekara uku an yi masa firidom, wato an yaye shi, wani shekara bakwai yana nan saboda ya zama shi ke riƙe da garejin ogan ba ya son sakinsa, kuma shekara ɗaya ko biyun farko kusan duk a wanke-wanke da aike suke tafiya. Na uku wanda ya fi damuna, yaro yana gadon kuskuren ogansa kamar yadda yake gadon gwanintarsa, kuma ba zai taɓa sanin wanne ne wanne ba tunda ba a tambayar oga "me ya sa".

Misalin da nake yawan bayarwa shi ne tamosta. Mota ta shigo daga Turai ko Amurka, abin farko da ake yi mata a garejin da yawa shi ne a cire tamosta a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an kunna mota, wai ai ƙasarmu zafi gare ta. To mu dai a Jos muke, gari a kan tsauni sama da mita 1,200, wanda a watan Disamba da Janairu sai ka ɗumama ruwa kafin ka yi alwalar asuba. Aikin tamosta shi ne ta toshe ruwa kar ya zagaya lagireto sai inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan ka cire ta, injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, na'urar da ke auna zafin ruwa ta ci gaba da gaya wa burenbos, wato kwamfutar motar, cewa har yanzu da sanyi, shi kuma ya ci gaba da ƙara mai kamar yadda yake yi da sassafe, sai mai mota ya zo yana kukan motarsa na shan mai kamar rijiya, filogi na yin baƙi, a sake canza masa filogi ya biya ya tafi. A da da mai ke araha mutane ba sa lura, amma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koma kallon allurar tanki. Yaron da ya tashi yana ganin ogansa na cire tamosta shi ma haka zai yi ta yi har ya koya wa nasa yaran. Haka batun fasa salansa a ƙwaƙule abin nan mai tace hayaƙi da muke ce wa indomi, haka zuba man giya kowane iri a giyar da ke da nata man na musamman, haka ɗaure tof silinda da bututu ana dannawa da ƙafa maimakon sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.

Sai kwalejin fasaha, wato tekanikal, wadda ni a ganina ita ce hanyar da aka fi zalunta da raini. Mutane na ɗaukarta makarantar waɗanda suka kasa, alhali ga yaron da ya gama JSS3 kuma tun yana ƙarami yake kwance rediyon gida, babu kamarta. Shekara uku ne, ana haɗa aji da wokshop, akwai sashen gyaran mota da kansa, a ƙarshe a rubuta jarrabawar NABTEB a samu takardar da ake kira NTC. Ita NABTEB hukuma ce ta tarayya da aka kafa a 1992, hedikwatarta na Benin, kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne ana karɓar sakamakonta wajen neman foli ko jami'a kamar yadda ake karɓar WAEC da NECO idan darussan sun cika, kenan ba a rufe wa yaro ƙofar karatu ba. Nan kusa da mu akwai ta Bukuru da kowa ya sani da BUTECH, a Abuja akwai ta tarayya a Orozo. Yaro ya fito yana ɗan shekara sha bakwai ko sha takwas ya san sunan kowane ɓangare na inji da dalilinsa, ya iya zanen fasaha, ya taɓa riƙe mita, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai wannan bai shafi ɗan yayata ba tunda shi ya riga ya gama SS3, mayar da shi baya ɓarnar shekaru ce, na kawo ta ne saboda masu ƙananan yara, kuma na ce wa yaya ta ajiye maganar saboda autanta da ke aji biyu yanzu.

Yanzu foli, inda rigimar take. Tsarin dai shi ne yaro ya rubuta JAMB, yana da kiredit biyar da suka haɗa da turanci da lissafi da fizis da kemistiri, ya nemi injiniyancin kanikanci. ND, wato ƙaramar difloma, shekara biyu ce, a tsakiyarta akwai wata huɗu na SIWES da ake tura ɗalibi wajen aiki, bayan ta sai shekara ɗaya ta aikin koyon sana'a da muke ce wa IT, sannan in yana so ya koma HND, wato babbar difloma, shekara biyu, kuma a HND ɗin ne a makarantun da ke da shi ake ware ɓangaren mota zalla. Kenan shekara biyar idan ba a yi yajin aiki ba, sai bautar ƙasa a kai ga wanda ya yi HND na cikakken lokaci. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan, kuma don Allah kafin a biya ko sisi a tabbatar kwas ɗin da yaro zai shiga yana da amincewarta, sunan makaranta kaɗai ba ya wadatarwa. Kusa da mu akwai folin jihar Filato a Barikin Ladi, akwai ta tarayya a Bauchi, akwai ta Nasarawa, akwai kuma babbar yaya Kadpoly ta Kaduna.

Abin da zan faɗa yanzu uwa ba za ta so ji ba, yayata ma sai da ta ɓata rai. ND a injiniyancin kanikanci ba kwas ɗin gyaran mota ba ne. Za a koya maka lissafi mai yawa, da zane, da kimiyyar ƙarafa, da yadda zafi ke zama ƙarfi, da walda, da injin yankan ƙarfe, mota kuwa darasi ɗaya ko biyu ne a cikin tulin. Wadda na yi ba zan kama sunanta ba, ba ma a jihar nan take ba, amma duk shekara biyun injin mota ɗaya muka gani, na tsohuwar Fijo 504 mai kafireta an ɗaure shi a kan ƙarfe, mu fi tamanin muna zagaye da shi, na gaba na gani na baya na jin labari, kuma ko sau ɗaya ba a tayar da shi ba don wai babu batir. Mun zana fistin a takarda ya fi sau goma ba mu taɓa sa masa ringi ba. Shi ya sa za ka ga mai HND da sakamako mai kyau motarsa ta mutu a hanya ya buɗe bonet yana kallo kamar mai duba rijiya, ƙarshe ya kira yaron gareji. Wasu makarantun sun samu sabbin kaya daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, shi ya sa nake cewa zuwa da kai ya fi aike, uba ya je da ƙafarsa ya ce a nuna masa wokshop ɗin mota, ya duba ko akwai inji mai injekta da ke tashi, ko akwai sikana, na'urar da ke karanto matsalar mota daga kwamfutarta, ya kuma ja ɗalibi ɗaya gefe ya tambaye shi sau nawa suka taɓa kayan a zangon da ya wuce. Amsar ɗalibin ita ce gaskiya, ba ta shugaban sashe ba.

To in haka ne me ya sa ban ce a bi maganar baban kawai ba? Saboda motar da ke shigowa gareji yau ba ita ce ta zamanin ogana ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da ramin nan mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari inda ake soka sikana, kuma yawancin tokumbon da muke hawa daga can suke ko daga Turai, kenan Corolla da Camry da Accord da Sienna duk kwamfuta ce ke raba musu mai da wuta. Sikana kuwa yanzu kowa na iya saye, har akwai ƙaramar da ake haɗawa da waya, matsalar ita ce fassara abin da ta faɗa.

Bari in ba da wani da ya faru a hannuna. Wata Hajiya ma'aikaciyar asibiti ta kawo Corolla ƙirar 2006 cikin hunturu, wutar cek mai gargaɗin matsalar inji ta ƙi mutuwa, da safe motar na rawa kamar mai zazzaɓi amma da rana ta yi sai ta daidaita. Ta riga ta zaga gareji uku, an canza filogi, an wanke nozul, an canza famfon mai, na ƙarshe ya soka sikana ya ga lambar P0171 ya ce sensar salansa ce ya canza ta, duk a banza, kuɗi kuwa ta ce ta daina lissafi. Ita wannan lamba abin da take nufi kawai shi ne iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan a cakuɗin da ke shiga inji, ba ta ce ga wanda ya yi laifi ba, sensar ma rahoto ta kawo, kamar ka mari ɗan aike ne. Na ce "Hajiya ki bar min ita ta kwana". Da asuba kafin rana ta fito na tayar da ita da sikana a jone ina kallon lambar da ke nuna yawan man da burenbos ke ƙarawa don ya cike giɓi, ta haura sosai, sai na ɗauki gwangwanin feshin wanke kafireta ina fesawa a hankali a gefen manifol, ina zuwa daidai wajen gasket sai ƙarar injin ta canza lambar ta faɗo. Gasket ɗin roba ne, ya tsufa ya ƙanƙance, in da sanyi sai ya ƙara tsukewa iska ta riƙa satar hanya, in inji ya yi zafi ya kumbura ya toshe, shi ya sa da rana lafiya lau. Kayan da aka saya bai kai kuɗin filogin da ta canza ba. Feshin nan da sauraren canjin ƙara a wajen ogana na koya, amma sanin me lambar ke nufi da dalilin da sanyi ke tsuke roba, da iya karanta bayanin kamfani da turanci a intanet, wannan daga aji na zo da shi, kuma da ɗaya kawai nake da shi da ni ma na canza mata wani abin ta ƙara gaba.

Kuma abin ƙaruwa yake yi. Haibirid sun fara yawa, Prius da Camry, batirinsu ya haura volt 200, wayoyinsa ruwan lemo ne don gargaɗi, wanda bai san yadda ake kashe shi kafin ya sa hannu ba ransa yake wasa da shi. Ga mayar da mota ta koma gas ɗin CNG da gwamnati ke turawa tun 2023, tukunyar na ɗaukar matsin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, wannan ba aikin "bari mu gwada mu gani" ba ne, tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda a bayan gida bam ce kawai a but. Duk waɗannan suna son wanda zai iya zama ya karanta taswirar wayoyi ya auna da mita, rewaya na da da ke gwada waya da ƙyasta ta a jikin bodi ya ga tartsatsi, yau in ya yi haka burenbos zai ƙone.

Sai maganar takarda, wadda ita ce hujjar yaya mafi ƙarfi kuma tana da gaskiya. In burin yaro ya buɗe rumfarsa a Farin Gada ko ya gangara Apo a Abuja inda manyan motoci suke, ba kwastoman da zai tambaye shi satifiket, aikinsa ne tallarsa. Amma in yana son aiki a kamfanin da ke da wakilcin Toyota ko wani, ko sashen motoci na ma'aikata ko banki ko ƙungiyar agaji, ko soja da sauran masu kaki, ko wata rana ya nemi fita waje, to a bakin ƙofa za a tsayar da shi in babu takarda komai gwanintarsa. Na san gwanaye da suka fi ni nesa ba kusa ba amma aikin kwangilar gyaran motocin ofis ya wuce su saboda ba sa iya rubuta kotashan da rahoto. Da ND mutum na iya rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, a matsayin teknishan, da HND kuma teknolojis. Sai dai kar a ruɗi yaro, bambancin da ake nuna wa mai HND da mai digiri a aikin gwamnati har yau ana kuka da shi, wanda burinsa a kira shi injiniya a ofis gara ya nemi jami'a tun farko.

Shi ma ɗan gareji ba a rufe masa hanyar takarda ba, wannan na faɗa wa baban don ya sani. Akwai Trade Test na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki uku, ana farawa daga na 3 zuwa na 2 zuwa na 1. Akwai NABTEB ta Nuwamba da Disamba da mutum zai rubuta daga waje. Akwai kuma tsarin NSQ na NBTE da ke auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida a kai ko bai shiga aji ba. Sannan abin kunya ne a ce kana Jos ba ka taɓa leƙa ITF ba, hukumar horar da ma'aikata da masu sana'a da aka kafa tun 1971 kuma hedikwatarta na nan garin a Miango Road, su ne ma masu SIWES ɗin, kuma suna buɗe shirye-shiryen horar da masu sana'a lokaci zuwa lokaci. A Kaduna kuma kamfanin PAN da ya fara haɗa Fijo a 1975 yana da cibiyar koyar da gyaran mota na zamani. Irin waɗannan gajerun kwasa-kwasan na wata uku ko shida ni ina ganin sun fi amfani ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa, gishiri ne a kan miya, wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya je ya yi wata uku ya dawo da satifiket da hoto sanye da ofarol sabo fil ya buɗe shago, motocin mutane ne za su zama allon karatunsa. Masu zaman kansu da ke talla a Facebook wai za ka zama gwanin sikana a sati biyu kuwa, a bi a hankali.

Ta fuskar aljihu ba sai an faɗa ba, foli ta fi tsada nesa, ga kuɗin makaranta ga haya ga abinci ga handawut, shekara biyu zuwa biyar yaro na karɓa ba ya kawowa, ko da yake tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND da ɗaliban makarantun gwamnati ke nema har da na foli. Gidan da ake jiran yaro ya fara kawo cefane nan da shekara biyu, gaskiya gareji ne, kar a ɗora wa kai abin da ba za a iya ba a zo a tsaya a ND1, sai dai a zaɓi oga da kyau, mai sikana da ke barin yara su taɓa ta, wanda motocin zamani ke shigo masa, wanda ba ya zagin iyaye, kuma a rubuta yarjejeniyar shekarun a gaban shaidu, in ɗan ƙungiyar kanikawa ta NATA ne ma ya fi don akwai inda za a kai ƙara. A kuma duba su waye yaran garejin, don wani wajen abin da yaro zai fara koya kafin sifana shi ne ƙwaya da sholisho. Mu 'yan Jos kuma mun san akwai lissafin da ba a rubutawa, wace unguwa ce, wace hanya yaro zai bi ya dawo in gari ya ɗan motsa, wannan ya shafi garejin ya shafi makarantar, kowane gida ya san nasa. Yaron da kuma karatu ke ba shi wahala tun asali, ya sha fama kafin ya haɗa kiredit, tura shi foli don a ce ɗan wane na foli azaba ce, lissafin can ba ya jin roƙo.

Amma shi ɗan yayata ba ya cikin waɗannan, kansa na ja, gidan kuma za su iya ɗaukar shekara biyu. Don haka na ce musu ku duka kun yi daidai rabi-rabi. JAMB sai baɗi, kenan yana da kusan shekara guda yana zaune, maimakon ya ƙare ta a majalisa da kallon ƙwallo ya fara gareji tun yanzu, ya ci wanke-wankensa da aikensa ya gama da su, in admishan ya fito ya tafi ND da hannunsa riga ya yi kanta, ranar Asabar da duk hutu yana gareji, SIWES ɗinsa da shekarar IT kar ya kuskura ya kai su ofis inda zai riƙa sa hannu a rajista yana danna waya, ya kai su wajen da ake aikin lantarkin mota da giyar otomatik ko da a Apo ne ya kwana a shago. Maganar HND kuma a bar ta sai ya gama wannan, lokacin shi da kansa ya san ko rumfa yake so ko kamfani.

Yaron duk wannan surutun yana zaune a bakin ƙofa bai ce uffan ba, sai da na tashi tafiya ya rako ni wajen mota ya ce "Kawu, to ba sai in zo wajenka ba kawai?" Na ce a'a, ni in ka yi shirme zan ji nauyin uwarka in ƙyale ka, akwai wani abokina mai aikin Honda da Toyota da ba ya wasa, shi zan kai ka. Baban ya so ya ce ai ogansa na Farin Gada ma ya isa, na tambaye shi ko ogan na cire tamosta, ya ce ai shi ya cire masa ta tasa motar ma, yaya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Mun tsayar da ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi, na ce ya zo da tsofaffin kaya da takalmi rufaffe da ƙaramin littafin da zai shiga aljihu, duk motar da ta shigo ya rubuta ƙirarta da abin da mai ita ya ce da abin da aka tarar.